Malamin jinya ma ɗalibi ne

Mai karatu, kai da ka koma makarantar yaƙi da jahilci da girmanka, ka san cewa ilimi ba ya da ranar gamawa. Haka abin yake ga malaman jinya da ke duba mu a asibitocin Birnin Ƙonni, Galmi, Malbaza da Illela. Takardar da suka samo daga makarantar kiwon lafiya ta Yamai ko ta Damagaram mafari ce kawai, domin hanyar yin magani tana canzawa.

Mu ɗauki misalin masassarar cizon sauro. A da, nibakin ne maganinta. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, Nijar ta koma ga sabon magani mai haɗi biyu a shekarar 2005. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a auna jini kafin a ba da magani. A 2011 ta ce allurar artesunat ta fi kinin ceton ran yaron da masassara ta yi wa tsanani. A 2013 aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata na damina. A 2024 kuma aka ƙaddamar da allurar rigakafin cutar a Gaya. Malamin da ya tsaya ga karatunsa na dā, duk wannan zai wuce shi.

To yaya zai koya? Daga Ƙonni zuwa Yamai akwai fiye da kilomita 400. In ya tafi horo na mako guda, sau da yawa babu mai riƙe masa aiki, ga marasa lafiya suna jira. Nan ne karatu ta intanet yake da amfani. Da wayar salula ko kwamfuta, malami zai saurari darasi bayan ya tashi aiki, ya kalli hotuna, ya amsa tambayoyin jarrabawa, bai bar garinsa ba.

Wannan hanya ba yau aka fara ta ba. A 2001 likitocin Mali da na asibitin jami'ar Janeba suka soma aika darussa ta intanet. Shirin, mai suna RAFT, ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama, har da Nijar. A 2017 OMS ta buɗe darussa na kyauta, waɗanda miliyoyin mutane suka bi lokacin annobar korona.

Amma akwai cikas. Wuta tana ɗaukewa, layin waya ba ya da ƙarfi a ƙauyuka, kuɗin intanet kuma yakan fito daga aljihun malamin. Sannan aikin hannu, kamar sa ƙarin ruwa a jijiyar jariri, sai an koya a gaban wanda ya ƙware. Gani ya kori ji.

Mu ma muna da namu aiki. In malami ya ce sai an auna jinin ɗanka, ka yarda. In ya ba ka ƙwaya maimakon allurar da ka saba, ka tambaye shi dalili, kada ka juya ka nufi mai tallar magani a kasuwa. Ke uwa, ki ba yaro maganin rigakafi har kwana ukun su cika, kuma ki adana katinsa. Sabon abin da malamin ya koya, ɗanku ne zai fara cin amfaninsa.