Matsalar Tagwayen Littattafai a Taskar Kwamfuta

Duk manazarcin da ya daɗe yana tara littattafai a kwamfuta ya san yadda littafi ɗaya kan shigo masa sau uku ko huɗu: wani daga abokin aiki, wani daga intanet, wani kuma ta WhatsApp, kowanne da sunan da aka raɗa masa. Irin waɗannan ne muka kira tagwaye a wannan maƙala. Ɓarnarsu ba ta tsaya ga cinye wuri ba, domin ɗalibi kan ɗauko magana daga wani kwafi, ya kawo lambar shafi daga wani, ba tare da ya lura ba bugu ɗaya ba ne.

Hanyoyin gano su iri biyu ne. Ta farko ita ce a sa na'ura ta auna abin da ke cikin fayil, ta fitar masa da wani hatimi na lissafi. Hatimin da ake kira SHA-256, alal misali, jerin haruffa da lambobi 64 ne, kuma ko ɗigo ɗaya aka sauya a fayil sai ya canza gaba ɗaya. Saboda haka in hatimi biyu suka zo daidai, ana iya share ɗaya hankali kwance, ko da sunayensu sun bambanta. Manhajar Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006, tana da wani ƙari mai suna Find Duplicates da ke yin irin wannan gwaji. Sai dai littafin da mutum biyu suka ɗauki hotonsa daban-daban, a wurin na'ura littattafai biyu ne.

Hanya ta biyu ita ce kwatanta sunan littafi da na marubuci, kuma a nan ne mai nazarin Hausa ke shan wuya. Na'ura ba ta san ɗ da d 'yan gida ɗaya ba ne, don haka Ganɗoki na Bello Kagara da Gandoki sai su zauna kafaɗa da kafaɗa ba a gane su ba. Haka Shaihu Umar da Shehu Umar, haka Ɓalewa da Balewa. Lambar ISBN da za ta raba gardama kuwa sai wajen 1970 aka fara ta, bugun 1934 ba su san da ita ba. Ke nan wajibi ne a daidaita rubutun sunaye kafin a fara bincike.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tagwayen ƙarya. Magana Jari Ce littafi uku ne da suna ɗaya da marubuci ɗaya, na'ura na iya nuna biyu daga ciki a matsayin rara. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 an sake buga shi a Zariya a 1993 tare da ƙarin kalmomi na Neil Skinner. Wanda ya share na biyun ya yi asarar wannan ƙari, wanda ya share na farkon kuma ya rasa asalin bugun.

A ganina, in ba hatimi ne ya zo ɗaya ba, kada a share komai sai an buɗe an duba shafin farko, da shekarar bugu, da yawan shafuka. A riƙe kwafin da ya cika kuma yake karantuwa, sauran a kwashe su zuwa wani ma'aji dabam su yi 'yan watanni tukuna.