Yadda Jirage Marasa Matuƙa Ke Auna Gurɓatar Iska Daga Gobarar Masana'antu

Tun daga ƙarshen shekarar 2016 mazauna Fatakwal, babban birnin Jihar Ribas, suka fara wayar gari suna tarar da baƙar kunkunniya a kan motoci, da tufafin da aka shanya, har da cikin hancin yara. An ɗora alhakin lamarin a kan haramtattun matatun ɗanyen mai da ke cikin fadamun Neja-Delta, da ƙona su da jami'an tsaro kan yi, da kuma iskar gas da kamfanonin mai ke ƙonawa. Sai dai sanin wane hayaƙi ne ya fito daga ina, da kuma yawan gubar da ke cikinsa, abu ne da ido kaɗai ba ya iya tantancewa.

Tashoshin auna iska da ake kafawa a ƙasa suna bayar da labarin wurin da suke ne kawai. Hayaƙin babbar gobara kuwa zafi ne ke tura shi sama, iska ta ɗauke shi, ya je ya sauka a unguwar da ke da nisan kilomitoci daga inda wutar take. Lokacin da masana'antar sinadarai ta Lubrizol ta kama da wuta a birnin Rouen na Faransa a watan Satumban 2019, hayaƙin ya miƙe fiye da kilomita 20, har hukumomi suka dakatar da sayar da madara da amfanin gona daga ƙauyukan da ya ratsa.

Wannan giɓin ne jirgi maras matuƙi ke cikewa. Ana ɗaura masa ƙananan na'urori, a tura shi cikin hayaƙin, inda babu ma'aikacin da zai shiga ya fito lafiya. Wata na'urar tana haska haske ta cikin iskar da ta zuƙo, ta ƙirga ƙwayoyin ƙurar da ake kira PM2.5, waɗanda kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin 30 na silin gashi ba, shi ya sa suke kutsawa can cikin huhu. Wasu na'urorin suna gano iskar kabon monoksaid da ta farar wuta. Kowane awo yana zuwa da wurin da aka ɗauke shi da tsayinsa daga ƙasa, daga nan a zana taswirar inda hayaƙin ya nufa. Da ita ake sanin makarantar da ya kamata a rufe da unguwar da za a fara kwashewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata matsakaicin PM2.5 ya haura maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska cikin awa 24 ba.

Aikin yana da nasa cikas. Batirin yawancin ƙananan jiragen ba ya wuce kimanin rabin awa, kuma farfelarsu tana dagula iskar da ake son aunawa, don haka akan sa bakin na'urar nesa da ita. Abin da ya fi shafar Neja-Delta shi ne laima: na'urori masu araha sukan ɗauki ɗigon raɓa a matsayin ƙura, su ba da adadin da ya zarce gaskiya. Alƙaluman da ba a gwada su da na babbar na'ura ba, da wuya su tsaya a gaban kotu.

A Najeriya, sa ido kan gurɓatar muhalli yana hannun hukumar NESREA, na harkar mai kuma yana hannun NOSDRA, wadda ke bin diddigin ƙona gas ta tauraron ɗan'adam. Tayar da irin waɗannan jirage yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Izini ne da ya kamata masu aikin gaggawa su riƙe tun kafin wuta ta tashi, domin mafi munin hayaƙin kan fita ne a sa'o'in farko.