Abin da Muka Gani a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Mu da ke rubuta wannan shafi muna cikin waɗanda suka shiga kwalejin horon malamai a zamanin da gwamnati ta soma shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, a shekarar 1976. A lokacin ana neman malamai ido rufe. Da muka gama, aka rarraba mu ƙauyuka. Waɗansu suka riƙe alli har suka cika shekara 35 suka yi ritaya. Waɗansu suka tafi makarantar Littafi Mai Tsarki suka zama fastoci. Akwai kuma waɗanda suka koma gona bayan tsuke bakin aljihu na 1986, sa'ad da albashi ya daina kai ƙarshen wata.

Kwanan baya, bayan girbi, 'yan ajinmu suka taru. Mun zo da hotunan jikoki da labarin fansho, mun yi dariyar furfurar juna. Amma da aka soma kiran suna, sai wuri ya yi tsit. Wanda yake bi da mawaƙanmu a makaranta, ɗansa ne ya riƙo shi, yana jan ƙafa, bakinsa a karkace. Waɗansu kuwa matansu ne suka amsa a madadinsu. Kusan magana ɗaya muka yi ta ji: "Lafiyarsa ƙalau, sai kawai ya faɗi." Wani a gona, wani a banɗaki, wani yana tsaye yana wa'azi.

Wannan faɗuwa tana da dalili, kuma sau da yawa hawan jini ne. Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin tiyo. Idan ƙarfin turawar ya yi yawa shekara da shekaru, jijiyoyin sukan lalace. Ran da wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sai ɓarin jiki ya shanye. Haka kuma yakan gajiyar da zuciya, ya ɓata ƙoda da ido. Awon mai lafiya yana wajen 120/80. Idan ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku dabam-dabam, hawan jini ke nan.

Muguntar ciwon ita ce yawanci ba ya nuna alama. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jininsa ya hau. Mu ma da muna tsammani ciwon masu kuɗin birni ne, masu tumbi. Ashe siririn manomi ma yana kamuwa. Shekaru suna kawo shi, ana gadonsa, gishiri kuma yana ƙara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Burukutu da taba da ƙiba duk suna ƙara wuta.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne labarin wata gwauruwa. Da mijinta ya faɗi, danginsa suka ce jifa ne, suka nuna ta da yatsa. Aka sayar da awaki ana yawo da shi wurin masu magani, ba a kai shi asibiti ba sai da lokaci ya ƙure. Har yau 'ya'yanta ba sa gaisawa da baffanninsu. Ba mu raina addu'a ba, da ita muka tsufa. Amma bai dace masu bi su ɗora wa 'yar'uwa laifin abin da awo na minti biyar zai iya nunawa ba.

Wani ɗan ajinmu ya ce shi ya sha magani wata biyu, ya ji daidai, ya bari. Wannan kuskure ne babba. Maganin hawan jini riƙe shi yake yi, ba ya kawar da shi, saboda haka kullum ake sha sai in likita ya canza. Mun san fansho yakan makara, amma kuɗin ƙwaya bai kai kuɗin jinyar wanda ya shanye ba.

Idan fuskar mutum ta karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a nemi mota a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, yana iya shaƙewa.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata su haɗa hannu su sayi na'urar awo mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Bayan sujadar Lahadi, duk wanda ya wuce shekara 40, da kowace mace mai ciki, su zauna su huta minti biyar, a auna su, a rubuta a littafi. Wanda awonsa ya kai 140/90 sau biyu a tura shi asibiti. Wanda ya kai 180/120 kuwa, a ranar za a kai shi.