Dalilin da ya sa likita ke cewa "bayan awa shida"

Idan ka haɗiyi ƙwayar magani, hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin fitar da ita daga jini. A yawancin magunguna aikin yana bin tsari guda: duk bayan wani ƙayyadajjen lokaci, rabin abin da ya rage ne ke fita. Wannan lokaci shi ne wa'adin rabi, kuma kowane magani da nasa.

Na farasitamol yakan kai awa 2 zuwa 3 ga baligi mai lafiya. Mu yi lissafi da awa 2. Idan miligiram 1,000 ya shiga jini, wato ƙwaya biyu masu 500, bayan awa 2 saura 500, bayan awa 4 saura 250, bayan awa 6 saura 125. Sai an yi zagaye 5 kafin ya koma kusan kashi 3 cikin 100.

Da irin wannan lissafi ake tsara tazarar shan magani. Mai ciwon kai da ya sha ƙwaya biyu da hantsi, ya ƙara biyu bayan awa ɗaya, sannan ya sayo maganin mura a kemis alhali shi ma da farasitamol a ciki, ya ɗora sabo kan tsohon da bai fita ba. Wuce giram 4 a yini yana iya lalata hanta. Ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko hanta, magani yakan fi daɗewa a jiki, don haka haɗarin ya fi girma.

Yin jinkiri ma yana da tasa illar. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, sinadarai biyu ne: atimita mai fita cikin awoyi kaɗan, da lumifantirin mai kwanaki a jini. Shi ya sa ake shan sa sau 6 cikin kwana 3. Wanda ya ajiye shi a rana ta biyu don ya ji dama, ya bar ragowar ƙwayoyin cutar su farfaɗo.

Jama'a, mu kiyaye lokacin da aka rubuta mana. Wanda ya manta bai sha ba, kada ya ninka, ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani.