Tiyatar Rage Ƙiba: Jita-jita da Abin da ke Faruwa a Gadon Asibiti

A watan Maris na 2005 aka kwantar da tsohon ɗan ƙwallo Diego Maradona a wani asibiti a birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya. Ga shi gajere, ga nauyi ya haura kilo 120. Likitoci suka yi masa tiyatar rage ƙiba, kuma kafin watan Agusta ya fita masu kallon talabijin a Ajantina sun ga wani Maradona daban yana gabatar da shirinsa, ya zabge kai ka ce bai taɓa ajiye teɓa ba. A 2015 ƙibar ta dawo, har sai da aka sake yi masa aiki a birnin Maracaibo na Venezuela.

Masu cewa wannan tiyata sha-yanzu-magani-yanzu ce suna kafa hujja da farkon labarin, masu cewa asarar kuɗi ce suna kafawa da ƙarshensa. Yanzu da masu hali daga Kano, Kaduna da Yamai ke tafiya Masar, Indiya da Turkiyya neman lafiya, wasu kuma ana yi musu aikin a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, maganar ta shigo zaure da gidan biki, kuma gaskiya da ƙarya sun cakuɗe a cikinta.

Ƙaryar da ta fi yawo ita ce wai kitse ake zuƙewa. Wancan aikin kwalliya ne, na masu gyaran sura, kuma ba ya maganin ƙiba. A tiyatar rage ƙiba ba kitse likita ke nema ba, tumbi yake taɓawa, wato jakar da abinci ke sauka. A nau'in da aka fi yi a duniya yanzu, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar siririn abu mai siffar ayaba. A wani nau'in kuma, wanda likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara a shekarun 1960, ana ware 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji kai tsaye, sai abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Duka biyun suna canza sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa yunwa da ƙoshi. Shi ya sa da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin ke mamakin yadda za su wuni abinci bai faɗo musu a rai ba.

Sai masu cewa farke ciki ake yi daga ƙirji zuwa mara, mutum ya yi wata guda a kwance. Da can farke cikin ake yi. Tun shekarun 1990 aka fara komawa huda ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar a fatar ciki, a zura kyamara da siraran kayan aiki. Yawancin majinyata kwana ɗaya zuwa uku suke yi a sallame su.

Amma ba a farkawa da murmushi. Mutum zai buɗe ido bakinsa a bushe ƙamas, maƙogwaro na yi masa kaushi saboda bututun numfashi, ga robar ƙarin ruwa a hannu, ga matsattsiyar safa a ƙafafu. Zuciya na tashi. Da yawa sukan riƙe kafaɗa suna tambayar nas ko faɗuwa suka yi, alhali iskar da aka hura a ciki don likita ya ga wurin aiki ce ke tokare sama, ciwon ya fito a kafaɗa. Kwana biyu ko uku ya wuce. Cikin 'yan awanni kuma malamar jinya za ta zo ta ce, "Hajiya, daure ki tashi mu taka." Dangi kan ga kamar rashin tausayi ne. Tafiyar nan da allurar tsinka jini da ake yi a fatar ciki su ne ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa ya tsinke ya toshe huhu, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kisa bayan aikin. Daga nan sai a miƙo ɗan mitsitsin kofi a ce a kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan.

To, batun mutuwa fa? A nan ya kamata a tsaya, domin akwai gaskiya a cikin tsoron mutane. A manyan cibiyoyin da suka ƙware, waɗanda ke rasuwa cikin wata na farko ba su wuce kusan mutum 1 cikin 1,000 ba, kwatankwacin haɗarin cire matsarmama, aikin da ba a ɗaga hankali a kansa. Sai dai wannan lissafi na wurin da ake tantance majinyaci ne kafin aiki, a kuma bi shi bayan aiki. A 2023 BBC ta ba da rahoton cewa 'yan Birtaniya bakwai sun mutu tun daga 2019 bayan sun je Turkiyya an yi musu tiyatar. Turkiyya na da ƙwararrun likitoci. Abin tsoro shi ne tsarin cinikin da ake tallatawa a Instagram, inda za a haɗa wa mutum otal da mota da tiyata a farashi ɗaya, a ɗora shi a jirgi kwanaki kaɗan bayan an ɗinke shi.

Dalilin da ya sa hakan ke da haɗari shi ne yoyo. A cikin mutum 100, ɗaya ko biyu ɗinkin tumbinsu kan buɗe, abin da ke cikin tumbin ya tsiyaya cikin kogon ciki, kuma sau da yawa ba ya bayyana sai an koma gida. Alamarsa ta farko ba lallai ciwon ciki ba ne. Bugun zuciya ne da ke haura 120 a minti ɗaya ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama. A ƙasar da kowane zazzaɓi ake cewa na sauro ne a aika yaro kemis, wannan ita ce alamar da ta fi cancanta a haddace. Wanda ya gan ta ya nufi asibitin da ke da likitan tiyata a daren, ya kuma faɗi irin aikin da aka yi masa tun daga bakin ƙofa.

A gida kuma wata jarrabawar ke jira, ita ce ta 'yan dubiya. Inna ta zo da kula cike da tuwon shinkafa, ƙanwar miji ta zo da katon na lemo, kowa na cewa, "Sannu da jiki, daure ki ci ko loma biyu ce." Loma biyun nan na iya jawo amai mai wahalar da sabon ɗinki. Kusan mako biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: romo tatacce, madara, kunu tsararo ba suga. Sai mako biyu na abin da aka markaɗa lilis, sai mai laushi, sannan a wajen mako shida zuwa takwas a koma abincin gida. Saboda haka masu cewa an yi sallama da tuwo har abada ba su faɗi daidai ba. Za a ci, amma cokali kaɗan, a tauna sosai, a fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kuma ba a haɗa ci da sha. Ana ba da tazarar kamar rabin awa. Wanda aka haɗa masa jaka da hanji, in ya ɗaga zoɓo mai zaƙi ko fura da suga ya shanye, cikin mintuna zufa za ta karyo masa, jiri ya ɗebe shi, zuciya ta hau dakan uku-uku, wani har da gudawa.

Zubewar gashi gaskiya ce. Takan zo tsakanin wata na uku da na shida, kuma yawanci gashin na dawowa. Shan bitamin har ƙarshen rayuwa shi ma gaskiya ne, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi da zarar jiki ya yi daɗi: B12, sinadarin ƙara jini, na ƙarfafa ƙashi da bitamin D, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Amai da ya ƙi tsayawa na iya ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni ya taɓa ƙwaƙwalwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da sigari da shisha, suna haƙa gyambo a wurin da aka haɗa jaka da hanji. Azumi kuwa, likitoci kan ce a dakata watanni shida zuwa shekara, domin sabon tumbi ba zai ɗauki ruwan wuni guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba.

Cewa tiyatar na hana haihuwa ƙarya ce tsagwaronta. Macen da ƙiba ta rikita wa al'ada takan samu juna biyu da wuri fiye da yadda ta zata, shi ya sa ake ba da shawarar jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya.

Ciwon suga ma an yi masa ƙari. A binciken da asibitin Cleveland Clinic ya yi kan mutum 150 masu ciwon, sakamakon shekara biyar da aka buga a 2017 ya nuna kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa jaka da hanji, da kashi 23 na waɗanda aka yanke wa tumbi, sun kai matakin sugan da ake nema, alhali masu magani kaɗai kashi 5 ne. Tazara ce babba, amma ba kowa ya warke ba, wasu kuma ciwon na dawo musu. Haka ƙibar: wani ɓangare nata kan dawo bayan shekara biyu ko uku, amma babban binciken ƙasar Sweden da aka fara a 1987 ya gano waɗanda aka haɗa wa jaka da hanji suna nan da ragin kusan kashi 25 na nauyinsu bayan shekara goma, kuma mace-mace ta fi ƙaranci a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata.

Akwai matsalar da kan ɓoye shekaru. Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙi Elvis Presley, ta rasu a Janairun 2023, kuma binciken gawarta a Los Angeles ya nuna toshewar hanji ce da tabon tsohuwar tiyatar rage ƙiba ya jawo. Ciwon ciki mai tsanani ga wanda aka taɓa yi wa aikin, ko da shekara goma ta wuce, na bukatar hoton ciki da idon likitan tiyata. Don haka duk mai shirin zuwa Alƙahira ko Istanbul ya nemi likitan da zai riƙa duba shi a gida tun kafin ya yanki tikiti, kada ya hau jirgi sai wanda ya yi aikin ya amince, kuma ya dawo da rubutaccen bayanin irin tiyatar da aka yi masa da jerin gwaje-gwajen da za a riƙa maimaitawa.