Matsakaiciyar motar jif a Jihar Jigawa

Matsakaiciyar motar jif rukuni ne na motoci masu tsayin ƙafa da faɗin ciki, waɗanda girmansu ya fi na ƙananan jif irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V, amma bai kai na manya irin su Toyota Land Cruiser da Nissan Patrol ba. A Turance ana kiran dangin waɗannan motoci SUV, Hausawa kuwa suna ce musu jif, sunan da ya samo asali daga motar Jeep ta Amurka. Yawancinsu suna ɗaukar mutum biyar zuwa takwas. A Kafin Hausa da Dutse da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa, akasarin waɗanda ake hawa ba sababbi aka saye su ba. An yi amfani da su a ƙasashen waje ko a cikin Najeriya kafin su iso hannun masu su. Saboda haka farashinsu bai dogara da kuɗin da kamfani ya sa wa sabuwa ba. Abubuwan da ke yanke shi su ne canjin dala, da harajin kwastan, da lafiyar motar, da kuma tsadar riƙe ta.

Ire-irensu

Ta fuskar ƙira, waɗannan motoci kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne waɗanda aka haɗe jikinsu da shasi wuri guda, kamar yadda ake ƙera ƙananan motoci. Daga cikinsu akwai Toyota Highlander, wadda ta fito a shekarar 2000 bisa tushen Camry, da Lexus RX, da Honda Pilot, da Hyundai Santa Fe, da Kia Sorento ta zamanin nan, da Ford Edge. Sun fi laushin tafiya a kan kwalta, kuma sun fi sauƙin shan mai.

Kashi na biyu shi ne waɗanda aka ɗora jikinsu a kan shasi na daban, irin na motocin ɗaukar kaya. Misalinsu Toyota 4Runner, da Prado, da Fortuner wadda take da tushe ɗaya da Hilux. Sun fi jure wa hanyar burji da ramuka, sai dai sun fi nauyi da shan mai, kuma galibi sun fi tsada.

Dalilin buƙatarsu a yankin

An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma sunanta kansa yana nuni da ƙasa mai rairayi. Kafin Hausa ƙaramar hukuma ce a masarautar Haɗejiya, inda ƙasar rairayi take haɗuwa da fadamu. Da rani, hanyoyin ƙauyuka sukan cika da yashi mai kafe mota. Da damina kuma ruwa yakan yanke wasu. Ambaliyar shekarar 2022, wadda ta yi ɓarna a sassa da yawa na jihar, ta shafi Kafin Hausa sosai.

A irin wannan ƙasa tsayin ƙafar mota yana da muhimmanci. Tsakanin cikin Highlander da ƙasa akwai kimanin santimita 20, alhali na Camry bai wuce kimanin 15 ba. Wannan bambanci, tare da yawan kujeru, shi ya sa masu babban iyali, da 'yan kasuwa, da manoman da gonakinsu ke nesa da kwalta suke sha'awar jif. Haka nan ma'aikatan da ke zirga-zirga tsakanin Dutse da Haɗejiya da Kano, ciki har da na Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a Kafin Hausa a shekarar 2013. Ban da amfani, jif tana da daraja a idon jama'a, kuma wannan ma yana ƙara mata kuɗi.

Hanyoyin shigowa

A kasuwa ana raba motoci gida uku: sabuwa, da 'yar Kwatano, da ta hannu. 'Yar Kwatano, wadda wasu ke kira Beljiyam, mutanen kudu kuma tokumbo, ita ce wadda aka hau a waje amma ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Sunan ya fito ne daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, wadda ta daɗe tana karɓar motocin da ake bi da su ta Jamhuriyar Nijar, ta garuruwa irin su Maraɗi, zuwa arewacin Najeriya. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka mayar da harkar tashoshin ruwa, musamman Tin Can a Legas. Duk da haka sunan bai ɓace ba.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, don haka motocin da sitiyarinsu yake hagu ne suka dace da titunanta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Amurka da Kanada suka zama manyan wuraren da ake sayo matsakaitan jif. Da yawa daga cikinsu a wurin gwanjon motoci ake sayo su, irin na kamfanonin Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya shiga. Akan gyara su a Legas ko Kano kafin a kai su filin sayarwa. Mai saye daga Kafin Hausa yakan duba a Haɗejiya ko Dutse, amma mafi yawan zaɓi a Kano yake.

Abubuwan da ke yanke farashi

Na farko shi ne canjin kuɗi. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira ga kasuwa. Kafin nan dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta kai kimanin naira 1,500. A lissafi, motar da aka kimanta dala 10,000 ta tashi daga naira miliyan 4.6 zuwa miliyan 15, tun kafin a biya haraji. Tashin ya shafi har motocin hannu, domin mai sayarwa yana auna abin da zai kashe in zai maye gurbin tasa.

Na biyu shi ne harajin kwastan, wanda dillalai ke kira duti. Ana lissafa shi a kan kuɗin mota haɗe da kuɗin jirgi da inshorar hanya, bisa canjin dala na lokacin. A shekarar 2022 Hukumar Kwastan ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan motocin hawa, da ƙarin kashi 15 a kan waɗanda aka yi amfani da su. A kan wannan akwai harajin kayayyaki na kashi 7.5 da wasu ƙananan kuɗaɗe. A wannan shekarar ce kuma hukumar ta fara kimanta mota ta hanyar lambar shasi, wato VIN, wadda ke nuna kamfani da samfuri da shekarar ƙira. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci.

Na uku shi ne shekara da mataki. Highlander ta 2008 zuwa 2013 zubi ɗaya ce, ta 2014 zuwa 2019 wani zubin, kuma farashi yakan yi tsalle tsakanin zubi da zubi fiye da tsakanin shekara da shekara. A cikin zubi ɗaya ma akwai matakai, kamar LE da XLE da Limited. Wasu masu gyara sukan sauya fitilu da bamba don tsohuwar mota ta yi kama da sabon zubi, amma lambar shasi ba ta sauyawa da sauyin fuska.

Na huɗu shi ne sunan kamfani. Toyota da Lexus sun fi riƙe darajarsu a kasuwar arewa saboda yawan makanikan da suka san su da sauƙin samun kayan gyaransu. Motar wani kamfanin mai shekara ɗaya da su takan zo da araha, amma takan yi wuyar fita in an tashi sayarwa.

Rangwame da sauƙin biya

A Amurka kamfanoni sukan jawo masu saye da mayar da wani kaso na kuɗi, ko bashi mai ƙaramin ruwa, ko ragi a ƙarshen shekara idan sabon samfuri zai fito. Irin wannan ya shafi sababbin motoci ne, kuma ba ya bin mota zuwa Jigawa. A nan ragi yana fitowa ne daga ciniki: mai mota ya yi suna, mai saye ya taya, a yi ta albarka har a sallama. Dillali yana da la'adarsa, kuma rashin fayyace wanda zai biya ta tun farko yakan haifar da saɓani. Akwai kuma musaya, inda mutum ke ba da tsohuwar motarsa ya yi ciko.

Bashin banki mai ruwa bai karɓu sosai a yankin ba, saboda hukuncin riba a Musulunci da kuma tsadarsa. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna amfani da tsarin murabaha: banki ya sayi motar, ya sayar wa mai buƙata da sananniyar riba, shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Ma'aikata da yawa kuma sukan dogara da adashi ko ƙungiyoyin gama-kai na wurin aiki.

Tallafin gwamnatin tarayya ya fi karkata ga motocin da ake haɗawa a cikin gida. Manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013 ta tsawwala haraji a kan na waje don kare kamfanonin gida, irin su Innoson da ke Nnewi. A Kaduna, kamfanin Dangote Peugeot yana haɗa samfurori da suka haɗa da 3008 da 5008. A 2024 an kafa hukumar CREDICORP don sauƙaƙa wa ma'aikata sayen kaya bashi, ciki har da motocin gida. Sabuwar mota tana zuwa da garanti, sai dai amfaninsa yana raguwa idan wurin gyaran da kamfani ya amince da shi yana nesa da mai motar.

Abubuwan da ake dubawa

Inji: akwai mai fulogi huɗu da mai fulogi shida. A Highlander, misali, akwai injin lita 2.7 da na lita 3.5. Na biyun ya fi ƙarfi idan mota ta cika da mutane da kaya, na farkon ya fi tattalin mai.

Jan taya: ba kowace jif ce ke ja da taya huɗu ba. Da yawa daga cikin Highlander da Pilot da Lexus RX da tayoyin gaba kawai suke ja, kuma sukan kafe a yashi kamar ƙaramar mota.

Sanyaya: a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a yankin, don haka lafiyar lagireto da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ta fi rufin gilashi da kujerun fata muhimmanci. Ƙurar hunturu kuma tana saurin toshe matatar iska.

Kariya: motocin Amurka daga samfurin 2012 dole ne su zo da na'urar hana mota zamewa, kuma daga watan Mayu na 2018 an wajabta kyamarar baya. Ana duba ko jakunkunan iska suna nan, domin a motar da ta yi haɗari akan rufe gurbinsu ba tare da an mayar da su ba.

Tarihi: lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ake bincika tarihin motar Amurka a intanet. Awon tafiyar irin waɗannan motoci da mil yake, mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne, kuma ana iya mayar da awon baya. Tsatsa a ƙarƙashin kujeru da warin danshi alamu ne na motar da ruwa ya ci. Masu saye sukan tafi da bakanike da rewaya, a sa wa motar kwamfuta, a duba kayan ƙafa da giya, a kuma tabbatar ba a cire matatar hayaƙi da ake kira indomi ba.

Takardu

Mota mara duti takan zo da araha, amma jami'an kwastan suna da ikon kama ta a hanya, ko da mai ita a hannun wani ya saya. A 2024 hukumar ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su biya harajin. Saboda haka akan tantance takardar duti a ofishin kwastan kafin a biya kuɗi, a kuma gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin mota. Sauran takardun sun haɗa da shaidar mallaka, da lasin mota, da shaidar lafiyar mota, da yarjejeniyar ciniki mai shaidu. Inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce, kuma daga 1 ga Janairu, 2023, kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara.

Kuɗin riƙewa

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ɗaya ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Jif mai fulogi shida tana shan kimanin lita 11 zuwa 13 a kilomita 100, ma'ana idan lita tana naira 1,000, tafiyar kilomita 100 za ta ci naira 11,000 zuwa 13,000. Tayoyinta da batirinta da kayan ƙafarta duk sun fi na ƙaramar mota tsada.

Ƙananan gyare-gyare ana yin su a Kafin Hausa da Haɗejiya da Dutse, amma manyan kaya kamar inji da giya galibi daga Kano ake kawo su, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Motar da kayanta ba su yawaita a can ba takan yi makonni a gareji ana jiran saƙo daga Legas. Wannan ne ya sa masu harkar motoci a yankin suke lissafa kuɗin mai da na gyara da darajar sake sayarwa a matsayin ɓangare na farashin jif, ba kuɗin da aka biya ranar ciniki kaɗai ba.