Titunanmu Sun Zama Mayanka

Ana karkashe mu a kan kwalta, mu kuma muna cewa kwana ne ya ƙare.

A daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki kwasar fetur. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka ƙone. Da yawansu a kabari ɗaya aka binne su, don babu mai iya gane nasa.

Bayan wata uku, a Janairun 2025, aka maimaita a mararrabar Dikko ta Jihar Neja. Sama da mutum 80.

A Fabrairu, tirela ɗauke da kaya da mutane ta kife a gadar Hotoro, cikin birnin Kano. Sama da mutum 20.

Ranar ƙarshe ta watan Mayu, motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta rufta daga kan gada a Dakatsalle, a hanyar Zariya. Sun ratsa ƙasar nan tun daga kudu, saura ƙiris su iso gida. Mutum 22 gawarsu ce ta iso.

Waɗannan su ne waɗanda rediyo ya faɗa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 5,000 da suka mutu a hanya a shekarar 2024 kaɗai. Kuma waɗanda ta gani ta ƙidaya. Wanda aka kwasa daga gefen titi aka yi masa sutura kafin Azahar bai shiga lissafi ba. Wanda ya cika a gida bayan mako guda, a hannun mai ɗori, shi ma bai shiga ba.

Shiru ya isa haka.

Lokaci zuwa lokaci ana kai maganar gyaran dokokin hanya gaban majalisun dokokin jihohinmu. Madalla. Amma mun san inda irin wannan gyara ya saba ƙarewa: a ƙara kuɗin tara, a fito da sabuwar sitika, a sake wa motocin haya fenti, a yanka wa ɗan sahu sabon harajin kullum. Asusun gwamnati ya cika, maƙabarta ma ta ci gaba da cika.

Ya zama wajibi 'yan majalisa su ji wannan da kunnen basira. Duk gyaran dokar da bai rage gawa ba, neman kuɗin shiga ne aka sa wa rigar tsaro.

Hukumomi ba su muka rasa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura tun 1988. Kano tana da KAROTA tun 2012. Kaduna tana da KASTLEA. Ga 'yan sanda, ga jami'an duba lafiyar motoci. A tsakanin Kano da Kaduna direba zai tsaya a shinge bayan shinge, kowa da irin kakinsa. Duk da haka tirela cike da mutane za ta ratsa su kaf, ta je ta kife a gaba.

A kan wannan tirelar za mu daɗe.

Duk wanda ya taɓa zuwa kara ranar kasuwa, a Wudil ko Maigatari ko Potiskum ko Mai'aduwa, ya san yadda ake lodinta. Shanu a ƙasa. A gitta katakai a kan bodi. A ɗora buhuna, wani lokaci har da babura. Sannan mutane su hau can ƙololuwa, ƙafafu na reto a kan ƙahonin shanu: 'yan ci-rani, matasa masu neman na kansu, har da yaran da gemu bai fito musu ba. Kuɗin bas ya gagare su, na tirela kuwa da sauƙi. A haka za a kama hanyar Legas ko Fatakwal, dare da rana, a hannun direba ɗaya da karen mota.

Idan taya ta fashe, babu bel, babu rufi, babu abin kamawa. Shanu a kan mutane, ƙarfe a kan shanu.

A Satumban 2024, a yankin Agaie na Jihar Neja, irin wannan mota mai ɗauke da shanu da matafiya ta yi karo da tankar mai. Aƙalla mutum 48 suka ƙone tare da dabbobin.

Idan aka yi wa jihohi magana sai su ce ai hanyar tarayya ce. Gaskiya ne tsarin mulki ya bar zirga-zirgar manyan hanyoyin tarayya a hannun Abuja. To amma a ina aka yi lodin? A kasuwar da ƙaramar hukuma ke karɓar haraji. A tashar da jiha ta ba wa izini. A gaban sarkin kasuwa, a gaban 'yan kamasho, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, da rana tsaka.

Ya zama wajibi dokar jiha ta haramta ɗora ɗan Adam a kan motar kaya da ta dabbobi, in ban da masu kula da dabbobin, su ma a ƙayyade yawansu. Ya zama wajibi hukuncin ya hau kan wanda ya yi lodin da wanda ya karɓi kamasho. A rufe tashar da aka kama. Kuma tun da talauci ne ya hau da su can sama, jihar da ta hana sai ta samar da motocin fasinja masu rahusa a manyan hanyoyin ci-rani, in ba haka ba za su koma bayan gari su hau.

Sai mai mota, wanda dokokinmu suka daɗe suna kauda kai daga gare shi.

Direban haya ba don nishaɗi yake sheƙa gudu ba. An yanka masa balas, kuma ko ana ha-maza-ha-mata sai ya kawo shi da yamma. Mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Don haka mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a layin da aka yi don uku, but a buɗe an ɗaure da igiya. Taya 'yar gwanjo ce da ta gama aikinta a Turai, ta suɗe kamar tafin hannu. Burki sai an taka sau biyu. Idan barci ya zo, a kora da gadagi ko a haɗiyi Tramol. Mai motar yana gida a kan kujera. Ranar da ta kife, zai yi jajen ƙarfensa, ya kai ta wajen mai gyaran bodi, ya nemi wani direban.

Ya zama wajibi doka ta bi shi har gida. Wanda ya saki mota babu burki ya san abin da ya saki.

Ƙa'idar gudu tana nan a rubuce: kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 90 ga motar haya a tagwayen hanya, 60 ga tanka da tirela. Tun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. A je tasha yau a duba motoci nawa ke da ita tana aiki.

Mu fasinjoji ma ba mu fita ba. Wata dattijuwa za ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka sassauta, muna da iyali." Direba ya ce, "Hajiya, in kwana bai ƙare ba, babu abin da zai faru." Kafin ta sake buɗe baki, wani daga baya ya ce, "Baba, sauri muke yi, kasuwa za mu." Sauran mutum goma sha kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa.

Wannan shirun da hannunsa a cikin jinin.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma ganganci ba tawakkali ba ne. Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyyar raƙuma ɗari a kan kisan kuskure, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Kuskure ke nan fa, ina ga wanda ya sha ƙwaya ya kama sitiyari? A wajen zaman makoki sai a yi ta matsa wa iyalan mamaci su yafe, alhali marayu suna zaune a tsakar gida babu na cefanen gobe. Yafiya hakkin magada ce, ba ta dattawan unguwa ba. Ya zama wajibi malamanmu su hau mumbari da wannan magana, su maimaita ta kamar yadda suke maimaita ta riba da ta shaye-shaye.

A cikin gari kuwa abin ya zama rashin kunya tsagwaronta. Direba zai bi hannun da ba nasa ba da fitila a kunne. Ana keta danja tana ja. Adaidaita Sahu zai yi kwana a tsakiyar titi ba sigina, da yara 'yan makaranta takwas a ciki. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai fito da motar ubansa, ƙafarsa da ƙyar take kai totur. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya a tare titi ana wasan mota, ana juyi ƙura na tashi, 'yan kallo na shewa, har sai an bi ta kan wani. Lasisin tuƙi sai mai shekara 18, amma an san yadda ake samunsa ba tare da an taɓa gwaji ba.

Ya zama wajibi uban da ya miƙa wa ƙaramin yaro makulli ya tsaya gaban alƙali. A ƙwace motar wasan biki, ko ta ɗan wane ce.

A nan ne dokokinmu suke mutuwa. Jami'i zai tare mai baƙin gilashi, a miƙa masa waya, ya ji wata murya, ya sara ya buɗe hanya. Ayarin manya zai keta kasuwa da jiniya, a guje, wasu motocin ko lamba babu. Sai a huce a kan ɗan sahu. Talakan da ya ga haka ba zai taɓa ɗaukar dokar hanya a matsayin kariyar ransa ba.

Ya zama wajibi a raba jami'in hanya da karɓar kuɗi a hannu. Tara ta tafi banki, da rasit, da damar zuwa kotu ga wanda aka zalunta. A daina yanka wa hukumomin hanya adadin kuɗin da za su tara, domin jami'in da aka aika farautar kuɗi ya fi son a karya doka ya kama, a kan a kiyaye ta. Wanda aka samu yana karɓar na goro a tuɓe masa kaki a bainar jama'a. Wanda kuma ya doki jami'i a bakin aikinsa a ɗaure shi.

Ga kuma waɗanda haɗarin bai kashe ba, jinkiri ya ƙarasa su. Mutum na kwance jina-jina, an kewaye shi da wayoyi ana ɗaukar bidiyo. Masu son taimako suna tsoron a riƙe su a caji ofis. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, amma har yau ana tambayar kati da kuɗin ajiya. Ya zama wajibi dokar jiha ta kare duk wanda ya ɗauki mai rauni zuwa asibiti, ta kuma ware wani kaso na kuɗin tara don motocin ɗaukar marasa lafiya a manyan mararrabu. Lambar agaji ta Hukumar Kiyaye Haɗura, 122, a koya wa kowane ɗan firamare.

Abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce muni. Garuruwa suna cinye manyan hanyoyi, kasuwa ta hau kan kwalta, makaranta na buɗe ƙofa a bakin titin da tirela ke bi. Fetur na ƙara tsada, lodi na ƙara nauyi, kuma duk tankar da ta kife za ta sami masu bokiti. Gwamnatin tarayya ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa hanya daga Maris 2025, amma ƙaramar tanka ma ta isa ta cinye unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu kuwa yawancinmu a arewa yara ne da matasa.

Duk majalisar da ta ɗauko gyaran dokar hanya, ya zama wajibi ta buɗe zaman jin ra'ayin jama'a, ta sanar a rediyo da Hausa, ta fito da daftarin kowa ya karanta. Kada a bar zauren ga shugabannin ƙungiyoyin sufuri da masu tankoki su kaɗai, domin su za su zo da lauyoyinsu. A kira likitocin sashen haɗari da na asibitin ƙashi na Dala su faɗi abin da suke gani kowane dare. A kira zawarawan direbobi. A kira mutanen Majiya.

Kowane mai ƙuri'a ya nemi ɗan majalisar mazaɓarsa, a gida ko a ofis ko a ƙofar masallacin Juma'a, ya tambaye shi wane sashe na dokar ne zai hana tirelar ranar kasuwa tashi da mutane a kanta.